Wasiƙar Da Ya Yi Wa Maki Da Jan Biro

Maki ya yi wa wasiƙar soyayyata.

Da jan biro.

Ina tsaye a bakin teburin cin abincinmu, littafin aikina buɗe a hannuna, ga takardar da na ɓata yini biyu ina tsarawa ta dawo min kamar an yanka kaza a kanta. Ya zagaye kalmar "amma" har sau biyu, ya ja kibiya zuwa gefe, sannan da ɗan siririn rubutunsa mai kama da jerin tururuwa ya rubuta: "Wannan ba amincewa ba ce. Tayin farko ya mutu. Na gode da kika sassauta min. Allah Ya ba da sa'a a jarrabawa."

Kafin in ɗago kai har ƙofar falo ta rufu a bayansa. Ko shayinsa bai taɓa ba.

Kaka tana kan kujerarta ta kullum a gindin taga. Ta sauke tabarau zuwa karan hanci ta dube ni.

"Auta, nawa ya ba ki?"

"Kaka... ko sifiri bai ba ni ba."

Sai hawaye.

Amma bari in koma baya, kada ku ɗauka haka kawai mutum ke tashi ya yi wa zuciyar 'yar mutane gyara.

Ni ɗalibar shari'a ce, kuma sau biyu darasin dokar kwantiragi yana yi min kayen tsiya. A makarantarmu faɗuwa ta uku ita ce sallama. Baba, wanda ya yi ritaya daga aikin awon filaye amma har yau da ido yake auna kowa, ya ce ba zai zauna ya ga autarsa ta dawo gida da akwati ba. Shi ne ya nemo min malamin gida.

Ɗalibai Jan Biro suke ce masa. Shi ya fi kowa maki a shekararsu, amma har lokacin bai samu ofis ba, sai bin gidaje yake da wata jaka mai ɗinkakkiyar igiya yana ceto irinmu. Biro uku ne a aljihun rigarsa, duka ja. Ba ya dariya sai da hujja.

Baba ya sa mana masu gadi biyu. Ta farko Kaka. Ta biyu 'yar abokinsa, 'yar ajinmu, wadda muke kira Na-Sani saboda ba a taɓa ƙarasa magana a gabanta ba. Ita ba ta taɓa faɗuwa komai ba, don haka na yi ta mamakin me take nema wajen malamin gida. A mako na biyu ƙamshin turarenta ya ba ni amsa tun daga ƙofar gida.

Ranar farko Kaka ta tura masa kofi ta ce ya sha shayi. Maimakon ya ce an gode, sai ya juyo gare mu ya ce ga misali ya kawo kansa: Kaka ta yi tayi, shi kuma bai ce komai ba, saboda haka babu yarjejeniya, domin shiru ba amincewa ba ne.

"A wajenmu shiru ma amsa ce," in ji Kaka.

"A kotu ba amsa ba ce, Kaka."

"To kotun nan ba ta da tarbiyya."

Tun daga ranar ya gano abin da malamai biyu suka kasa ganowa. Ya ce ni ba daƙiƙiya ba ce, tsoron takarda ne ke cinye min ƙwaƙwalwa. Sai ya kafa doka: duk abin da ya koya mana, in juya in koya wa Kaka da bakina. In Kaka ta gane, na gane. Kaka kuwa ba ta gane abu a banza. Ranar da na bayyana mata cewa idan aka amince da tayi ta wasiƙa, da zarar an jefa ta a akwatin gidan waya magana ta ƙullu ko da ta ɓata a hanya, sai da ta tafa hannu ta ce ashe akwatin ƙarfe ya fi alƙali iko.

Akwai wani babi da ya fi ƙauna, wanda ya laƙaba wa suna amincewa mai wutsiya. Wato a yi maka tayi ka ce ka yarda, amma ka maƙala sharaɗi a baya. Mako uku muka yi a kai. Da ya ba mu gwaji, ya riƙe takardata ya fi minti biyar, jan biro na shawagi a sama kamar shaho yana neman ɗan tsako. Bai samu ba. Ya rubuta goma bisa goma, ya ɗago, ya yi murmushi.

Ashe yana da wushirya.

Wata uku yana ɓoye ta kamar kayan sata.

A nan na faɗi jarrabawa ta uku, wadda babu ita a jadawali.

Saura kwana goma sha biyu jarrabawa na buɗe littafin aikina na tarar da farar takarda, an buga ta da na'ura, da lambobi a gefe.

"TAYI. Na ɗaya: ni mai sa hannu a ƙasa, cikin hankalina, duk da cewa tun da na fara zuwa gidan nan ba ni da tabbas a kan hakan, ina neman izinin zuwa wajen mahaifinki. Na biyu: wani ofishin lauyoyi a gari mai nisa ya ba ni aiki, suna jiran takardar amincewata. Idan kin amince da na ɗaya, zan haƙura da shi in karɓi ƙaramin da ake min tayi a nan. Na uku: ba ni da mota. Na faɗa ne don kada a ce na ɓoye aibu. Na huɗu: ina son ki. Na nemi yadda ake faɗar wannan a harshen shari'a ban samu ba."

Sau goma sha ɗaya na karanta na huɗun.

Matsalar ita ce Baba ya riga ya auna. Ya lura cewa ni da nake zuwa darasi da zanin barci yanzu har guga nake yi. A kan abincin rana, ba tare da ya kalle ni ba, ya ce shi malami ya ɗauko ba suruki ba, kuma mutumin da ofishinsa jaka ce bai kai a ba shi ajiyar akuya ba balle 'ya. Kaka ta tuna masa cewa lokacin da shi ya je neman aure ko jakar ba shi da ita, sai igiyar awo. Baba ya yi gyaran murya, ya buga teburi da yatsa.

"Babu namijin da zai tako min gida da wannan magana sai ta ci jarrabawar nan. In ta ci, ko wa ta kawo zan saurare shi."

"Na ji da kunnena," in ji Kaka, tana gyara tabarau.

Don haka na zauna na rubuta amsata, ni ma da lambobi don in burge shi. Na ce na amince da zuciya ɗaya, amma da sharaɗi biyu. Na ɗaya, kada ya je wajen Baba sai sakamako ya fito. Na biyu, bayan aure ba zai taɓa yi min gyara da jan biro ba, ko a jerin cefane ne. Na biyun wasa nake. Ina rubutawa ina dariya ni kaɗai kamar sabuwar kamu.

Na saka a littafin aikina. Na-Sani ce ke tattara littattafanmu ta miƙa masa a bakin ƙofa, kuma ranar ta daɗe a baranda tana gyaran igiyar takalmin da ba shi da igiya.

Darasi na gaba ya shigo da sabuwar riga, wushirya a waje tun daga ƙofa. Har ya gaishe da Kaka sau biyu. Ni kuwa na kasa ɗaga ido daga kan teburi.

Sai Na-Sani ta ɗaga hannu, ta ce tana da tambaya ta misali. A ce wani ya yi wa wata tayi a rubuce, ita kuma ta ce ta amince amma da sharaɗi biyu. Mene ne hukunci?

Bakinsa ya riga zuciyarsa. Shekara huɗu yana amsa wannan tambaya.

"Amincewa mai wutsiya ba amincewa ba ce. Tana kashe tayin farko nan take, sannan kuma..."

"Na sani, Malam," ta katse shi cikin murya mai zaƙi. "Abin da nake so in gane shi ne, idan ita mai amsar ta san wannan doka sarai, a ce ma goma bisa goma ta ci a babin, ai da gangan ta yi ko? Hanyar masu kunya ce ta cewa a'a ba tare da an ci fuskar mutum ba."

Na ga wushiryar ta koma gida.

Na buɗe baki, amma me zan ce a gaban Kaka da Na-Sani, ga Baba a ɗakin kusa yana jin rediyo? Ya ƙarasa darasin yana kallon bango. Daf da tashi ya zaro takardata daga jaka, ya sunkuya ya yi rubutu, ya saka a littafina.

Kun ga inda muka faro.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, yarda da ni ce ta kashe mu. Da ya ɗauke ni daƙiƙiya kamar kowa, da ya ce kuskure na yi. Amma shi a duniya ba ya jin ɗalibarsa za ta yi kuskure a babin da ya koyar.

Bai sake zuwa ba. Ya aiko wa Baba cewa ya gama manhaja, sauran bita ce, takardun bitar kuma ta hannun Na-Sani suke zuwa. Ita ce ta sanar da ni, tana duba farcenta, cewa Malam ya sa hannu a takardar aikin gari mai nisa, kuma ita ma, ikon Allah, tana da goggo a can.

Na aika masa saƙo cewa ina son mu yi magana. Shiru. Na sake aikawa cewa bai fahimce ni ba. Shiru. Don gwaji na tambaye shi bambancin tayi da tallan kaya a shago. Ko minti ɗaya ba a yi ba amsa ta shigo, sakin layi uku, har da lambar shafi.

Na yi jifa da wayar kan gado. Na yi rantsuwa ko shi kaɗai ya rage a duniya na haƙura. Bayan minti goma na ɗauko wayar in ga ko ya ƙara wani abu.

Ana gobe jarrabawa da la'asar, Kaka ta kira ni ta ce in zo in yi mata darasi, ta gaji da kallon fuskata kamar tsumman goge-goge. Na ce wane babi. Ta ce mai wutsiyar nan. Na ce Kaka don Allah ban da shi. Ta ce shi take so, ai ita ce ɗalibar.

Na fara karantowa kamar mai biya hadda. Na ce sharaɗi yana kashe tayin farko.

"To ya mutu, Allah Ya ji ƙansa," in ji Kaka. "Ita wutsiyar fa? Tare ake binne su?"

"A'a, Kaka. Ita amsar mai sharaɗi sai ta zama sabon tayi. Wadda aka yi wa tayi ta koma ita ce mai tayi, shi kuma..."

Na tsaya.

"Shi kuma me? Ni tsohuwa ce, ba na gane rabin magana."

"Shi kuma ya rage nasa... ya karɓa ko ya ƙi."

"Ya ce ya ƙi?"

Na ruga na ɗauko takardar. Na karanta jan rubutun sau uku. Ya ce nasa ya mutu. Ya yi godiya. Ya yi addu'a. Ko a wuri ɗaya bai ce ya ƙi nawa ba.

"Ke kin janye?"

"Ban janye ba."

"To shi shirun da yake ta yi miki, ba shi ya ce min a kotu ba amsa ba ce?" Kaka ta mayar da tabarau. "Lauyoyi biyu, an rasa mai ƙarasa jimla. Je ki yi karatu."

Sai dai akwai sauran matsala. Idan ya riga ya jefa takardar aikin nan a akwatin gidan waya, magana ta ƙullu tsakaninsa da su, kuma mutum irinsa ko sama za ta faɗo ba zai warware ba. Ni na koya wa Kaka wannan da bakina.

Washegari na shiga ɗakin jarrabawa da tsoro biyu, ƙaramin cikinsu shi ne jarrabawar. Wataƙila shi ya sa wannan karon takardar ba ta cinye min ƙwaƙwalwa ba. Kowace tambaya sai na ji kamar Kaka ce ke yi min ita daga gindin taga, ni kuma ina ba ta amsa. Tambaya ta uku a kan mai wutsiya ce. Na cika shafi huɗu, har mai tsaron jarrabawa ya leƙo ya ga ko wasiƙa nake rubutawa.

Al'adarsa ce ya jira ɗalibansa a kan bencin siminti da ke gaban ɗakin karatu, ya bi takardar tambayoyi da su. Yana nan. Ya rame, sabuwar rigar ta koma tsohuwa. Na-Sani ta riga ni isa, tana ba shi labarin yadda ta san komai.

Na tsaya a gabansa. Ya miƙe yana kallon takalmina.

"Malama, yaya tambayoyin?"

"Malam, ta uku ce ta ɗaure min kai. Ranar nan ka fara wata jimla ba ka ƙarasa ba. Ka ce tana kashe tayin farko, sannan kuma... Sannan kuma me?"

"Na sa—" Na-Sani ta fara.

"Ke kin sani," na ce ba tare da na dube ta ba. "Shi nake so ya sani."

Ya gyara tsayuwa irin ta aji. "Sannan kuma ita kanta ta zama sabon tayi, wanda ke nan da ransa har sai an karɓa, ko an ƙi, ko mai shi ya jan..."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni.

Na zaro takardata mai jan zane na miƙa masa.

"Kwana tara tayina yana hannunka, Malam. Ban janye ba. Ko a kasuwa ba a barin mai kaya tsaye haka."

Ya kalli takardar, ya kalle ni, ya dafe kai. Ya ce shekara huɗu yana koyar da wannan babi, har ya taɓa ba wani yaro sifiri don ya manta rabin nan na biyu.

Na tattara sauran ƙarfin halina. "Takardar aikin... ka jefa?"

A hankali ya sa hannu a aljihu ya zaro ambulan. Ya yi laushi, ya yi duƙun-duƙun, kan sarkin har ya fara ɓantarewa. Ya ce kullum sai ya je gaban akwatin ya tsaya, har mai shara a wajen ya fara gaishe shi da suna. Hannunsa ne ya ƙi.

"Na san da ta faɗa ciki shi ke nan," ya ce. "Ni kuma ban shirya shi ke nan ba."

Na-Sani ta ce ita dai tambaya ta ilimi ta yi ranar, kuma direba na jiranta. Babu wanda ya riƙe ta.

Ya sake karanta sharuɗɗana biyu, ya ja dogon numfashi.

"Na amince, amma game da na biyun, idan kuskuren babba ne..."

"Malam!"

Ya toshe bakinsa da tafin hannu. Wallahi saura ƙiris ya kashe nawa shi ma, mu koma gidan jiya. Ya zaro jajayen biron nan uku daga aljihu ya zuba min a hannu kamar sojan da ya miƙa wuya. Sannan ya ari shuɗin da na yi jarrabawa da shi, ya ɗora takardar a kan jakarsa, ya rubuta a ƙarƙashin jan rubutun: "Na amince." Ya ɗiga aya, ya danna ta sosai har ta huda takardar.

"Babu wutsiya, abar ƙaunata," ya ce, wushirya a waje.

Na ce wannan kalmar a wane shafi take. Ya ce har yanzu yana nema.

Ya cika sharaɗi na ɗaya kamar yadda aka rubuta. Mako shida ko layinmu bai bi ba. Ranar da sakamako ya fito na ci, ba da wani makin a zo a gani ba, amma na ci. Da na faɗa masa a waya na ji ya ja numfashi zai yi sharhi, sai na ce ya tuna na biyu. Ya ce shi barka kawai zai ce.

Baba ya so ya zame. Ya zaunar da shi a falo ya auna shi daga hula zuwa takalmi, ya ce e, ya yi maganar cin jarrabawa, amma yanzu da ya sake tunani, sai yaron ya shekara biyu a ofis tukuna.

Kaka ta sauke tabarau.

"Kai ka yi tayi a kan teburin can, ka ce in ta ci. Ta ci. Ba a ƙara sharaɗi bayan magana ta ƙullu. Ni ce shaida, kuma ni na haife ka."

Baba ya dubi Malam ya tambaye shi ko haka dokar ta ce. Bawan Allah, gumi na keto masa, ya fara bayanin cewa a gaskiya alkawarin cikin gida ba kasafai kotu ke... Na taka masa ƙafa ta ƙarƙashin teburi.

"Kaka ta fi ni sani, Baba," ya ce.

Baba ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba. Ya ce mutumin da zai iya faɗar gaskiyar da za ta hana shi mata, sai an taka shi ya yi shiru, ya isa a ba shi ajiya. Ya tura masa kofi. Wannan karon ya shanye tas.

Yau takardar tana jikin bangon falonmu a cikin gilashi, ja a sama, shuɗi a ƙasa. Biron uku kuwa Kaka ta karɓe, ta ce ladan karatunta ne.

Jiya na bar masa jerin cefane a kan firiji. Daga madafa ina hango shi ya tsaya a gabansa, ya ga na rubuta sabulu sau biyu. Hannunsa ya tafi aljihu da kansa, ya lalubo babu komai. Ya waiga ya kalli bango, ya kalle ni.

Da yamma ya dawo da sabulu biyu.